Yanda manoman Maraɗi da Damagaram suka dawo da daji cikin gonakinsu ba tare da dashe ba

Wanda ya saba bin hanyar Maraɗi zuwa Damagaram, ya wuce Cadawa da Agye da Gazawa har Tasawa, zai gaya maka gonakin da ke gefen titi cike suke da itatuwa, ba a layi ba, wani nan wani can, gawo da kalgo da sabara da aduwa da magarya, manya da ƙanana, ga hatsi da wake a tsakaninsu. Baƙo zai ɗauka ragowar tsohon daji ne da gatari bai kai gareshi ba. To a farkon shekarun 1980 yawancin wuraren nan fili ne fetal, kana tsaye a wannan gari kana hango rumbunan wancan. Kuma mafi yawan itatuwan nan babu wanda ya dasa su, basu taɓa zama cikin leda ba, ba a taɓa ɗauko musu ruwa a jarka ba. Shi yasa nake ganin duk mai maganar noma a ƙarƙashin itatuwa, ko noman ganyen miya da na magani a cikin daji, ya kamata ya tsaya ya kalli wannan lamarin da kyau, don a ƙasar Hausa ya faru kuma talakawa ne suka yi shi da hannunsu.

Sai mun fara sanin yanda itatuwan suka tafi tukuna. Fari yana ciki, na shekarun 1970 ya kashe itatuwa da dabbobi ba adadi, jama'a kuma sun ƙaru, saurar da ake barin ta ta huta shekaru ta koma gona ta dindindin. Sai noman gyaɗa, wanda Maraɗi tayi suna dashi tun zamanin Faransa, malaman gona suna koya wa mutane cewa gonar kirki ita ce wadda aka share tas, aka tumɓuke kututture don garmar shanu ta wuce ba cikas. Har ya zama wanda ya bar tsiro a gonarsa raggo ake ce masa. Amma abinda ni nafi ɗora wa laifi shine doka. Tun 1935 Faransawa suka kafa dokar daji a ƙasashen da suke mulka a yammacin Afirka, bayan samun 'yanci kuma Nijar ta sake tabbatar da irinta a 1974, itatuwa masu daraja irinsu gawo suna ƙarƙashin kariyar gwamnati ko da a tsakiyar gonarka suke. Ka sare reshe ba takarda, malamin daji ya ci ka tara. Niyyar dokar kare itace ne, ba musu, amma ka sa kanka a matsayin manomi: tsiron gawo ya fito a gonarka, in ka barshi ya girma ya zama na hukuma, ba ka da ikon taɓa shi, ga shi ya zama dalilin da za a riƙa zuwa ana maka tambayoyi. Me zakayi? Tun yana ƙarami zaka bi shi da hauya, kowa ya huta. Haka akayi ta yi shekara da shekaru.

Sakamakon kuwa a shuka ake ganinsa. Ruwan farko ya sauka kayi shuka, hatsi ya fito kamar tsawon yatsa, sai iska ta taso da rairayi ta yanke shi ko ta binne shi, ka sake shuka, wani lokacin har sau uku sau huɗu, kuma damina a wannan yankin gajeruwa ce, duk satin da ka rasa ka rasa shi kenan. Mata kuma da itace ya ƙare sai suka koma kwashe kara da kashin shanu suna girki dasu, wato abinda ya kamata ya ruɓe ya zama taki shima ya tafi murhu.

Gwamnati da ƙungiyoyi basu zauna ba, anyi ta kafa gandun renon itatuwa, anyi ta dashen darbejiya da turare da sauran baƙin iri. Wasu ayyukan sunyi nasara, kamar layukan darbejiya masu tare iska da ƙungiyar agaji ta CARE ta fara a kwarin Majiya cikin jihar Tawa a 1975. Amma yawanci dashen baya kai bazara ta gaba, awaki su ci, gara ta ci, rana ta ƙone, ko mai gonar da kansa ya cire don dama ba shi ya roƙa ba.

Cikin masu wannan wahalar akwai wani ɗan Ostiraliya masanin aikin gona, Tony Rinaudo, wanda yazo Maraɗi a farkon shekarun 1980 yana aiki da ƙungiyar mishan ta Kirista mai suna SIM. Shi da bakinsa ya sha ba da labarin cewa ya kusa yanke ƙauna. Wata rana a 1983 ya tsaya a hanyar ƙauye zai rage iskar tayar mota saboda rairayi, sai idonsa ya kai kan ɗan kurmin nan da ke ko'ina a gonaki, wanda kowa ke ɗauka ciyawa ce ko ƙaramin tsiro marar amfani, ya matsa kusa ya duba ganyen, sai yaga ai itace ne. An sare shi tun da daɗewa amma kututturen da saiwar suna nan da rai a ƙarƙashin ƙasa, duk shekara yana toho, duk shekara ana bin sa da gatari da wuta lokacin sassabe. Kuma irinsa miliyoyi ne. Saiwar ta riga ta nutsa ta kai ga laima, ta san ƙasar, ta wuce fari nawa, abinda kawai take buƙata a daina kashe mata 'ya'ya.

Aikin da kansa ba wani abu ne mai wuya ba, sassaben zamani ake ce masa a wajen. Lokacin sharar gona, in kazo kan kututturen sabara ko kalgo da ya fitar da tsiro kamar ashirin ko talatin duk sun cunkushe suna gasa da juna, maimakon ka sare duka sai ka tsuguna ka zaɓi waɗanda sukafi ƙarfi da miƙewa, ɗaya zuwa biyar, ka cire sauran. Waɗanda ka bari ka rage musu rassan ƙasa har wajen rabin tsayinsu. Adda ko gatarin ya zama mai kaifi, kuma daga ƙasa zuwa sama ake saran reshe don kar ɓawon ya yage ya bi jikin itacen. Wasu su ɗaura tsumma a jiki, alamar wannan da mai shi, ba na banza bane. Bayan 'yan watanni ka dawo ka sake gyarawa don sabon toho zai fito. Duk abincin da saiwa ke rabawa tsiro talatin yanzu ya koma kan uku ko biyar, shi yasa cikin shekara biyu uku zakaga abu ya wuce tsayin mutum. Kuma dabarar barin fiye da ɗaya tana da ma'ana, bana ka sare ɗaya kayi itacen girki ko dirkar rumfa, baɗi ka sare wani, kullum akwai na tsaye, kullum akwai mai tasowa.

Manoma kaɗan ne suka yarda da farko, wajen goma zuwa goma sha biyu, kuma sun sha dariya. Shi kansa Baturen mahaukaci ake ce masa. Tsoron mutane ba na wauta bane fa: inuwa zata hana hatsi yi, itace zai tara tsuntsaye su cinye zangarniya, zai tara macizai, sannan ko ka bari wani zai zo da dare ya sare. Wannan na ƙarshen ya faru kuwa, an sace na wasu daga cikin na farkon.

Sai ga 1984, damina ta ƙi, aka shiga yunwar da mutanen Nijar ke kira El-Buhari. Shirin su Rinaudo ya shiga rabon abinci a madadin aiki a ƙauyuka kusan 100, aka sa sharaɗi cewa mai son abinci sai ya bar itatuwa a gonarsa, kamar 40 a kowace hekta. Mutum na jin yunwa ai ba gardama, aka bar itatuwa wajen 500,000. Da aka samu damina rabon abinci ya tsaya, kusan kashi biyu cikin uku na itatuwan nan aka sare su. Nan ne wurin da nafi so mutane su lura, don da rahoton ofis ne da sai a rubuta aiki ya faɗi a rufe fayil. Amma kashi ɗayan da ya rage shine ya zama makaranta. Waɗanda suka bar nasu sukaga hatsi bai ragu ba, a wasu wuraren ma yafi kyau, suna da itacen girki a gona, suna da na sayarwa, maƙwabcin da ya sare nasa yana kallo ta kan iyaka. Ko waɗanda suka sare ɗin ma sun ɗanɗana kuɗin itace, kuma kututturen bai mutu ba, ya sake toho. Daga nan abin ya riƙa tafiya daga gona zuwa gona, a kasuwa, a wajen suna da biki, a bakin 'yan ci-rani, ba fom ba alawus.

Abu na biyu da ya buɗe hanya shine maganar mallaka. A Maraɗi an samu fahimta da ofishin gandun daji suka sassauta cin tara ga wanda ya rena itace a gonarsa. Sannan ƙasar gaba ɗaya ta shiga wani hali, kuɗin yuraniyom ya faɗi, shugaban ƙasa Seyni Kountché ya rasu a 1987, aka shiga shekarun rikicin siyasa da rashin albashi, malaman daji suka rage shiga ƙauye. Abin mamaki sai raguwar tsaro ta zama ƙaruwar itace, saboda manomi ya fara ji a ransa cewa wannan gawon nawa ne. Doka daga baya ta biyo sawu, kundin dokar karkara na 1993, sabuwar dokar daji ta 2004, sai kuma 2020 da gwamnati ta fitar da doka ta musamman akan wannan renon tsiro wadda ta amince da haƙƙin manomi akan itacen da ya rena. Ka duba tazarar, kusan shekara 37 tsakanin fara aikin da takardar da ta tabbatar dashi sosai.

Ƙauyen Ɗan Saga da ke gundumar Agye shi ake yawan kai baƙi su gani, kuma abin koyi a wajensu tsari ne. Sun gane cewa mutum ɗaya bazai iya tsare itacensa ba, don ba a gona yake kwana ba. Sai suka kafa kwamitin sa ido, da tallafin wani shiri na IFAD, asusun Majalisar Ɗinkin Duniya na raya aikin gona, aka sa maza da mata da matasa, aka sa Fulani makiyaya a ciki, wannan kuwa hikima ce babba don in ka ware makiyayi daga shawara to ka shirya rigima da rani lokacin da ciyawa ta ƙare ya ɗaga kai yaga ɗanyen ganyen gawo. Aka yi ƙa'ida, ga yanda ake sassabe, ga yanda ake yankan reshe wa dabba ba tare da an kashe uwar ba, wanda aka kama ya sari na wani ga tararsa, kuma mai gari da hukuma sun san da zancen. Daga baya har kasuwar itace suka buɗe tasu.

Kar kuma a ɗauka duk wannan aikin mutum ɗaya ne, Rinaudo shi kansa baya faɗin haka. A kudancin Damagaram, wajen Magarya da Matamai da Mirya, manoma da kansu suka cika ƙasa da gawo, fili mai faɗin kusan hekta miliyan 1, kuma ba wani babban shiri da ya bi su gida gida. Mutane sunyi yawa, babu saura, babu kuɗin takin zamani, sai suka koma ga abinda kakanninsu suka sani. Dama a Damagaram ana ba da labarin cewa zamanin Sarki Tanimu hukuncin mai saran gawo mai tsanani ne ƙwarai. Ilimin yana nan, tsoron tara da koyarwar share gona ne suka danne shi.

Abin da ban mamaki, shekara kusan ashirin duniya bata san girman abinda ke faruwa ba. Sai wajen 2004 zuwa 2009 da masu bincike irinsu Chris Reij ɗan Holan, da Gray Tappan na hukumar binciken ƙasa ta Amurka, da Mahamane Larwanou ɗan Nijar suka haɗa tsofaffin hotunan jirgin sama na 1975 da sababbin hotunan tauraron ɗan'adam suka kuma taka ƙasa suka ƙirga. Ƙiyasinsu gonakin da itatuwa suka dawo sun kai hekta miliyan 5, itatuwa wajen miliyan 200, da ƙarin hatsi kamar tan 500,000 a shekara, abincin mutum miliyan 2 da rabi kenan. Ƙiyasi ne, kuma gaskiya ruwan sama ya ɗan gyaru bayan shekarun 1980 wanda shima ya taimaka. Amma ruwa baya sanin iyaka, kuma hotunan sun nuna wurare a bakin iyakar Nijar da Najeriya inda ƙasa ɗaya ce, ruwa ɗaya, Hausawa ɗaya, amma ɓangaren Nijar yafi yawan itatuwa a gona nesa ba kusa ba. A 2018 aka ba Rinaudo kyautar girmamawa ta duniya mai suna Right Livelihood, shekarar da aka ba Yacouba Sawadogo, manomin Burkina Faso da ya farfaɗo da daji, shima.

To me yasa hatsi ke yi a gindin itace bayan kowa ya san inuwa na kashe shuka? Gawo dai halinsa daban ne da sauran, da damina yake zubar da ganye ya tsaya tsirara, da rani kuma yayi kore shar. Wato lokacin da hatsi ke son rana gawo ya bashi wuri, ganyen da ya zubar ya ruɓe a gindin shuka daidai lokacin da ake buƙata, kuma yana cikin dangin su wake masu ƙara wa ƙasa sinadarin naitirojin. Da bazara dabbobi su taru a inuwarsa suna cin 'ya'yan da suka faɗo, suna zuba kashi da fitsari a wajen. Je ka duba hatsin gindin gawo a watan Agusta, karan yafi kauri, ganyen har baƙi-baƙi yake don kore, taku goma daga nan kuma zakaga wani ja-ja siriri. Sabara da kalgo su kuma tarko ne, duk ƙura da ganye da iskar hunturu ta kwaso a gindinsu take sauka, shi yasa zakaga ɗan tudu a wajen. Akwai ma binciken da akayi a Senegal aka buga a 2018 wanda ya nuna sabara na jawo ruwa daga can ƙasa da dare ta saki a sama-sama, gero na kusa da ita ya sha. Manomi bai jira wannan binciken ba, ya riga ya gani da ido.

Yanzu bari in zo inda nafi so, wato abinda ake ci da abinda ake sha daga wannan dajin na cikin gona, don masu rahoto sunfi son lissafin tan na hatsi su manta da kwandon mata. Kuka kaɗai ta isa misali. A wajen Mirya akwai gonakin da kuka ce babbar dukiyarsu, ana tsinkar ganye a shanya a inuwa don ya riƙe korensa, a daka a tankaɗe, buhu buhu yana tafiya kasuwanni har cikin Najeriya, ga garin 'ya'yan kuma na kunu da fura. Magarya yara su ci, mata su daka suyi gari, kuma cibiyar binciken aikin gona ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai ta yaɗa auren magaryar gida da wata mai manyan 'ya'ya da ake kira pomme du Sahel, saiwar tamu ce mai jure fari, 'ya'yan kuma na kasuwa. Aduwa a tsotsi 'ya'yan, a fasa ƙwallon a fitar da mai, ɗanyen ganyenta a dafa. Anza, wadda ada sai yunwa ta kai yunwa ake tunawa da ita, 'ya'yanta ɗaci ne dasu sai an jiƙa kwana da kwanaki ana canza ruwa kafin su ciwu, yanzu a Damagaram akwai kamfanin Sahara Sahel Foods da ke saye a hannun matan ƙauye yana sarrafa ta. Goriba a Gulbin Kaba cikin jihar Maraɗi, kabarta ce tabarma da igiya da faifai. Bagaruwa majema na nema. Kalgo ɓawonsa igiya ne, 'ya'yansa abincin awaki. Geza ana kifa rumbu da ita ana kuma dafa ganyenta a sha kamar shayi.

Sannan ga na ƙasa, waɗanda ke samun mafaka saboda itacen ya rage zafi da iska. Yaɗiya tana son abin hawa, in babu itace ko kurmi a gona ina zata kama? Tafasa, gasaya, lalo, karkashi, duk suna fitowa da kansu inda ƙasa ke da ɗan taki da laima, mai noma mai hankali in yazo kansu sai ya kauce da hauya. Rama da yakuwa a bi dasu gefen gona. Watan Yuli da Agusta, lokacin da rumbu ya koma ƙasa sabon hatsi bai nuna ba, kwaɗon tafasa da na yaɗiya da ɗan ƙuli-ƙuli shine ke riƙe gidaje da yawa, wannan ba ƙaramin abu bane wallahi. A matsalar abinci ta 2005, bayan fari da fara sun haɗu a daminar 2004, jihar Maraɗi na cikin inda abin yafi muni, kuma masu binciken da suka bi ƙauyuka daga baya sun samu cewa masu itatuwa sunfi jurewa, suna da itacen da zasu sayar su sayi tiyar hatsi, suna da ganye da 'ya'yan itace, dabbobinsu na da abin ci. A Damagaram kuma mata sun faɗa wa masu bincike cewa neman itacen girki da ke cin musu awa biyu da rabi a rana ya dawo kamar rabin awa.

Ɓangaren magani yana buƙatar a faɗi gaskiya. Sabara kusan kowane gida an san ta, ana dafa ganyen don ciwon ciki da tari, masu jego ma na amfani da ita, kuma tunda ganye ake ɗiba itacen baya jin komai, gobe ya sake fitarwa. Matsalar tana wajen waɗanda ake nema don ɓawo ko saiwa, irinsu kirya da marke da maɗaci. Mai neman sassaƙe na kasuwa yazo ya zagaye itace ya ɓare shi kaf, to ya kashe shi a tsaye, don ta cikin ɓawon nan abinci ke sauka zuwa saiwa. Tsofaffin masu magani gefe ɗaya suke ɗiba, kaɗan, su bar wajen ya warke kafin su dawo. Itacen da ke cikin gonar wani yafi samun wannan ladabin akan na dajin da ba mai shi, don akwai wanda za a nemi izininsa. (Kuma dan Allah zazzaɓin yaro ko jinin mai haihuwa a tafi asibiti, sabara tana da iyakarta.)

Akwai inda abin bai kai ba, kuma bai kamata a ɓoye ba. Mata sune sukafi cin moriyar ganye da 'ya'ya amma mafi yawan gonaki na maza ne, to in mai gida yaga kuɗin itace ya fi masa, shi ke yanke hukunci. Wanda ke noma gonar aro ko ta jingina baya rena itace, wani lokacin ma mai gonar ne zai hana shi don kar gobe yace yana da haƙƙi a wajen. Satar itace bata ƙare ba, musamman kusa da manyan garuruwa inda itace da gawayi ke da tsada. Rikici da makiyaya na tashi inda ba a zauna anyi ƙa'ida ba. Kuma in itatuwan sukayi yawa ba a rage musu rassa, banda gawo, inuwar na rage hatsi da gaske, tsoron da manoma sukayi tun farko yana da tushe, aikin na son hannu duk shekara.

Mu a arewacin Najeriya ba baƙin wannan tsarin bane. Karkarar Kano ta daɗe da gonaki masu ɗorawa da kuka da tsamiya da gawo, wani masanin ƙasa ɗan Birtaniya, Michael Mortimore, ya shafe shekaru yana rubutu akan yanda manoman wajen ke riƙe itatuwansu duk da yawan jama'a. Amma idan aka zo maganar yaƙi da hamada a hukumance, har a shirin Babbar Koriyar Ganuwa, na tare hamada da itatuwa, da Tarayyar Afirka ta amince dashi a 2007 wanda jihohi 11 na arewa ke ciki, abinda akafi nunawa shine dashe, leda dubu kaza, babban baƙo ya dasa ɗaya a zuba ruwa a ɗauki hoto. Ni ban ce a daina dashe ba. Amma a Katsina da Jigawa da Yobe da Sakkwato sabara da kalgo na nan a gonaki suna toho duk shekara ana ƙone su, kuma kuɗin rena hekta guda ta wannan hanya bai kai ko kusa da na dashe ba, adda ce da sanin hannu. Abinda zai sa manomin Jibiya ko Maigatari ya bar su shine abinda yasa na Agye ya bari, ya tabbata in ya rena nasa ne, zai iya yanka ya sayar ba mai kama shi, kuma in wani ya sata akwai inda zai kai ƙara a saurare shi. Wanda ke hayar tarakta kuma sai an zauna dashi, don direba baya son kututture a hanyarsa, sai dai a bar itatuwan a layi ko a kan iyaka.

Babban giɓin da ya rage ko a Nijar ɗin shine iri. Sassaben zamani abinda ke da kututture ko ƙwaya a ƙasa kaɗai yake tayarwa, shi yasa gonaki da yawa zakaga sabara ce da kalgo da gawo suka mamaye, su kuwa ɗinya da kanya da kirya da ɗorawa, inda aka tumɓuke su da saiwa tun zamanin gyaɗa, basa dawowa da kansu. Waɗannan sai an nemo ƙwayarsu an shuka a gindin kurmin da aka riga aka rena don ya basu inuwa, a kewaye da ƙaya saboda awaki, kuma wanda ya shuka ɗorawa bana sai ya jira shekaru masu yawa kafin matarsa ta samu kalwar daddawa daga gareta.